Tsohon Sulen Azurfa: Shin Da Araha Ake Rabuwa Da Shi?

A tsofaffin gidajen Birnin Kebbi da na Argungu da wuya a rasa wata dattijuwa mai ɗan ƙunshin tsumma a ƙasan adaka, wanda in an kwance za a tarar da kuɗin azurfa na zamanin da. Galibi ba a ganin wannan ƙunshi sai ranar rabon gado, ko kuwa ranar da aure ya taso hannu ya yi gajere. Daga nan sai a kai wa maƙerin fari, ya ɗora a kan sikeli, ya biya kuɗin nauyin azurfa, ya zuba a wuta ya fitar da zobe ko munduwa. Mai sayarwa ya tafi yana murna, maƙeri ma bai cuci kowa ba, gama abin da ya saya ke nan, watau ƙarfe.

To, amma akwai wata kasuwa dabam a duniya wadda ba ruwanta da sikeli, ita ce ta masu tara tsofaffin kuɗi. A can shekarar da aka buga kuɗi, da gidan da ya buga shi, da kuma ko ya sha hannu ko bai sha ba, su ne ke yanka masa farashi. Tambayar da ta kamata ma'aikata da ɗalibai su duba ita ce: shin sulen azurfa na Afirka ta Yamma, musamman wanda ya tsira sabo ful, ana biyansa abin da ya cancanta? Kafin a amsa, tilas a rarrabe tsakanin iri biyu na azurfar da ke cikin ƙunshin nan, domin jama'a sun fi girmama wanda ya fi yawa, sun raina wanda ya fi wuyar samu.

Liyari Da Wuri

Babban da ke cikinsu shi ne liyari, wanda waɗansu ke kira dala, mai hoton wata mace ma'abociyar jiki a gefe guda, da tsuntsu mai kai biyu a ɗaya gefen. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar ƙasar Ostiriya. Fatake ne suka riƙa ƙetaro Hamada da shi daga Tarabulus da Masar, alhazai kuma suka riƙa dawowa da shi daga gabas. Wani Bature ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iske a Kano cikin 1851 ana canja liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Cikin 1853 ya sauka Gwandu a zamanin Sarki Halilu, ya bi ta Birnin Kebbi a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Bisa wannan lissafi, liyari takwas sun tsaya a madadin keso guda, watau wuri 20,000, kayan da sai ƙato ko jaki. Bafataken da ya nufi kasuwar Jega ya san bambancin abin da zai soke a lalita da abin da zai yi wa hayar ɗan dako.

Kowane liyari da za a gani a ƙasar nan, kusan duka, yana ɗauke da shekarar 1780. Wannan shi ya sa mai shi yakan ɗauka yana riƙe da abin da ya haura shekara ɗari biyu da arba'in. Alhali kuwa 1780 ita ce shekarar da sarauniyar ta rasu, kuma saboda mutanen Habasha da Yaman da Sudan ba su karɓar wani kuɗi sai mai wannan kama, sai aka ci gaba da buga shi da shekarar nan ba canji. An buga shi a Viyana, daga 1935 aka buga a Rum lokacin da Italiya ta auka wa Habasha, aka buga a Landan da Faris da Bombai da Birmingham, har yau kuma gidan buga kuɗi na Viyana bai daina ba. Jimlar abin da aka buga ta haura miliyan 300. Nauyinsa giram 28, tsantsar azurfar da ke ciki giram 23.4, sauran jan ƙarfe ne. Ban da 'yan ƙalilan na farko farko waɗanda sai gwani ke gane su, darajar liyari a kasuwar duniya ba ta wuce ta azurfarsa da wani abin kirki ba. Nan kam sikelin maƙeri ya faɗi gaskiya.

Zuwan Sule

Labarin ƙanana ya sha bamban. Turawa sun iso Argungu cikin 1902 a zamanin Sarkin Kabi Sama, suka ci Sakkwato cikin Maris 1903. Suka hana shigo da wuri da liyari, suka matsa a riƙa biyan haraji da jangali da kuɗinsu. Da farko sulen Ingila ne ya riƙa yawo. Cikin 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, mai mazauni a Landan, domin Nijeriya da Gwalkwas, wadda ta zama Gana, da Saliyo da Gambiya. Cikin 1913 Hukumar ta fitar da nata kuɗin na azurfa iri huɗu: taro, da sisi, da sule, da fataka, watau sule biyu. A gaba akwai Sarki Joji na Biyar da kambi, a bayan sule da fataka kuwa akwai itacen kwakwa. Kwabo da dari da anini masu huji a tsakiya sun riga su zuwa, amma su babu azurfa a cikinsu ko kaɗan.

Waɗannan kuɗi an yi su da nauyin na Ingila da kyawun azurfarsu, watau kashi 925 cikin 1,000. Sule giram 5.66, fataka giram 11.31. Ke nan in an dubi tsantsar azurfa liyari ɗaya ya yi daidai da sule huɗu da rabi. Gidaje biyu ne suka buga su, gidan buga kuɗi na Sarkin Ingila da ke Landan, da kamfanin Heaton na Birmingham, wanda yake sa ɗan ƙaramin harafin H a bayan kuɗin domin shaida.

Rayuwar sulen azurfa ba ta yi tsawo ba, shekara takwas ce kacal. Cikin 1913 ana sayen oza guda ta azurfa a Landan wajen sule biyu da taro, a buga kuɗin sule biyar da sisi da ita, bambancin kuwa riba ce ga gwamnati. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ƙare sai azurfa ta yi tsada, har a watan Fabrairu na 1920 oza ta haura sule bakwai. Watau azurfar da ke cikin sule ta fi sule daraja. Cikin 1920 aka rage azurfar zuwa rabi, a wannan shekara kuma aka bar ta gaba ɗaya aka koma ga tagulla. Zanen bai sake ba, launi ne ya koma rawaya.

Inda Azurfar Ta Tafi

Talakan ƙasar Gwandu da na Kabi bai yi karatun tattalin arziki ba, amma ya san farin sule ya fi ja. Ya kuma ƙi takardun kuɗin da Hukumar ta fara fitarwa cikin 1916, gama gara tana ci, gobara tana ci. Saboda haka ya riƙa biyan haraji da tagulla da takarda, yana ɓoye azurfa. Ita kuma Hukumar duk farin sulen da ya shiga baitulmali ko banki ba ta bari ya sake fita, sai ta kwashe zuwa Ingila a narke. Wanda ya kuɓuce mata ya faɗa hannun maƙera. An mai da shi warwaro da zobba da 'yan kunne, an yi wa sirdi da linzami ado, an huda shi an jera a kitson matan Fulani. Wanda aka binne a tukunya a ƙasar fadama kuwa, laima ta yi masa tabo.

Ko kafin wannan, sulen da ya iso kwarin Rima ya riga ya sha wuya. A buhu ya shigo jirgin ruwa, a buhu ya hau jirgin ƙasa, sa'an nan ya bi raƙumi ko jaki ko kan ɗan dako. An ƙirga shi a gaban Di'o, an ƙirga a gaban ma'aji, dagaci ya ƙirga, mai unguwa ya ƙirga. Mai karɓa ba ya yarda sai ya buga shi a kan dutse ya ji amonsa. An ƙulle shi a bakin zane tare da 'yan'uwansa suna gugar juna. Cikin 'yan shekaru kaɗan gemun Sarki Joji da duwatsun kambinsa sukan suɗe su yi sumul. Shi ya sa sulen da ya goge ba shi da wuyar samu, amma wanda ya tsira da ƙyallinsa na ranar fitowa abu ne mai wuyar gani ƙwarai, kuma mafi yawan irinsa da aka sani a Ingila suka kwana, waɗansunsu samfuri ne da kamfanin Heaton ya adana bai taɓa aiko da su ba.

Har ila yau shekarun ba ɗaya suke ba. Cikin 1916 da 1917 an buga sule fiye da miliyan goma a kowace shekara. Cikin 1915 kuwa, shekarar da mulkin Sarkin Kabi Sama da na Sarkin Gwandu Haliru suka ƙare, sulen da aka buga bai kai rabin miliyan ba, fataka kuma bai kai dubu ɗari ba, dukkansu masu harafin H. Wannan ɗan adadi shi aka raba wa ƙasashe huɗu, sa'an nan wuta da narkewa suka ci rabonsu.

Yadda Ake Auna Daraja

Masu tara tsofaffin kuɗi suna da ma'auni nasu. Cikin 1949 wani Ba'amurke, William Sheldon, ya tsara maki daga 1 zuwa 70. Kuɗin da ya suɗe har da ƙyar ake karanta shi yana ƙasa, wanda bai taɓa shiga kasuwa ba yana daga 60 zuwa sama. Cikin 1986 da 1987 aka kafa kamfanoni biyu a Amurka, PCGS da NGC, waɗanda aikinsu shi ne su duba kuɗi, su tabbatar ba jabu ba ne, su ba shi maki, su rufe shi cikin ɗan akwatin roba mai lamba. Suna kuma bayyana ƙidayar abin da suka duba na kowace shekara da kowane maki, mai saye ya ga ko guda nawa ne aka sani.

Abin lura a nan shi ne farashi ba ya hawa daidai da maki. Sule biyu 'yan shekara ɗaya, nauyi ɗaya, ɗaya ya goge ɗaya sabo, a wurin maƙeri kuɗinsu ɗaya, a wurin gwanjo kuwa sabon yana iya ninka ɗan'uwansa sau da yawa. Kuma abin da ke kashe wannan daraja nan take shi ne abin da matan gida suka ɗauka gyara ne, watau dirje kuɗi da toka da lemun tsami har ya yi fari tas. Dirzar nan takan kankare fatar da injin bugawa ya bari, ta bar zane zane wanda madubin gwani ke gani. Kuɗin da aka wanke, ko aka huda, ko aka liƙa masa maɗauri, kamfanonin nan ba su ba shi cikakken maki. Baƙin da azurfa ke yi don tsufa ba aibi ba ne a wurinsu.

Hujjar Masu Cewa Yana Araha

Masu ganin an raina sulen nan sukan kawo kwatanci da kuɗin waɗansu ƙasashe. Akwai dalar azurfa ta Amurka da aka buga a San Faransisko cikin 1893, guda 100,000. Ko wadda ta goge ana sayenta dubban daloli, sabuwa kuwa ɗaruruwan dubbai. Fatakan 1915 bai kai ta yawa ba, ya kuma fi ta shan wahala, amma farashinsa bai kama ƙafar nata ba. Dalili shi ne Amurkawa masu ɗimbin yawa suna neman kuɗin ƙasarsu, su kuwa 'yan Afirka ta Yamma ba su fara neman nasu ba. Yawancin masu sayen sulen nan Turawa ne masu tara kuɗin tsofaffin ƙasashen da Ingila ta mallaka, kuma su 'yan kaɗan ne.

Suka ce an ga abin da ya faru a Sin da Indiya. Tsofaffin kuɗin azurfar ƙasashen nan sun daɗe suna kwance da araha a kantunan Turai, har sai da 'yan ƙasa suka yi arziki suka soma neman kayan kakanninsu, sa'an nan farashi ya tashi. Mutanen Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya a haɗe sun haura miliyan 250. Ko da mutum ɗaya cikin dubu goma ne ya yi sha'awar mallakar sulen 1915 mai kyau, abin da ya rage a duniya ba zai kewaya ba. Bugu da ƙari, adadin kullum raguwa yake yi. Duk lokacin da azurfa ta yi tsada, kamar cikin 1980 da 2011 sa'ad da oza ta kusa dalar Amurka 50, sai tsofaffin kuɗi su kwarara zuwa wuta.

Hujjar Masu Ja

Ɗaya ɓangaren suka ce ƙarancin abu kaɗai ba ya sa masa kuɗi, sai akwai mai nema. Kasuwar da masu sayenta ba su da yawa, in mutum biyu sun yi takara a gwanjo farashi ya haura, in ɗayansu bai zo ba ya faɗi. Mai son ya sayar da gaggawa shi ne zai sha kashi. Kuma babu wanda ya san ranar da 'yan ƙasa za su waiwayi abin, mai jira yana iya jiran shekara talatin.

Suka ƙara da cewa ƙidayar kamfanonin nan ba ta nuna abin da ke duniya, sai abin da aka kai musu. Kuɗin da ba shi da tsada ba a damu a biya ladan duba shi ba, saboda haka sai ya zama kamar babu shi. Ranar da farashi ya tashi, ranar ce za a buɗe akwatuna. An taɓa yin haka a Amurka: dalar da aka buga a New Orleans cikin 1903 ana yi mata kuɗi har dala 1,500 in sabuwa ce, sai cikin 1962 baitulmalin ƙasar ya fito da buhunanta da aka manta da su, nan da nan ta faɗo ƙasa da dala 50.

Ga kuma wahalar da ta shafi mutumin Birnin Kebbi shi kaɗai. Masu dubawa suna ƙasashen waje, ladansu da kuɗin aikawa da na inshora da kuɗin waje ake biya, mai gwanjo kuma yana da la'adarsa. Sule na shekara mai yawa, ko da yana da ɗan kyau, ba zai mai da wannan ɗawainiya ba. Sa'an nan ga jabu. Tun zamanin Turawa ake fama da masu zuba kuɗin ƙarya, har cikin 1938 Hukumar ta sake ƙarfen sule da bakinsa saboda su. Ga kuma 'yan damfara masu yaɗa cewa kwabo mai huji yana kawo miliyoyi. Ko kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus bai cika shekara a gadon sarauta ba, an buga shi miliyoyi, ba shi da wata tsada.

Inda Magana Ta Tsaya

In an auna hujjojin nan biyu za a ga amsar ta rabu gida biyu. A kasuwar duniya, sabon sule da fataka na shekarun da aka buga kaɗan suna da araha in an dubi ƙarancinsu, amma arahar tana da dalili, kuma ba a san ranar da za ta kau ba. Ma'aikacin da zai zuba albashinsa a ciki da fatan riba kafin shekara ta kewayo, ya shiga caca. A gida kuwa babu wata shakka, gama kasuwar da ta ɗauki fatakan 1915 mai ƙyalli da guntun tsohuwar munduwa a kan farashi ɗaya ta raina shi. Irin wannan ne Hausawa ke cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Saboda haka abin da ya kamaci magada kafin su doshi maƙera ba shi da wuya. A baje kuɗin a kan ƙyalle mai taushi, a ware liyari gefe guda, a ware masu huji da waɗanda suka suɗe, waɗannan su ne rabon sikeli. A ware farin sulen Nijeriya na 1959 zuwa sama, wanda ya yi aiki har zuwan Naira ran 1 ga Janairu 1973, domin shi ma yana da ganyen kwakwa amma babu azurfa a jikinsa. Abin da ya rage mai shekara daga 1913 zuwa 1920, a karanta shekarar, a nemi harafin H, a dubi kambin Sarki da ganyen kwakwa ko suna nan da kaifinsu. Wanda ya cika wannan sharaɗi a riƙe shi ta baki, kada a wanke, a naɗe kowanne dabam a farar takarda, a ajiye inda babu laima. Mai niyyar aikawa waje ya fara tuntuɓar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ba ikon sa ido a kan fitar da kayan tarihi.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan hukumomi da makarantu. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda ya kasance fadar Sarkin Kabi har zuwa 1942, aka mai da shi gidan tarihi cikin 1958, wuri ne da ya dace a ce ɗalibi ya tarar da jerin kuɗin da kakanninsa suka yi ciniki da su, tun daga wuri da liyari har zuwa taro da sisi da sule da fataka na kowace shekara. Ɗaliban tarihi na jami'o'i da kwalejojin Jihar Kebbi suna iya zagaya unguwanni su rubuta abin da ya rage a hannun jama'a, da shekararsa da yanayinsa, ba tare da sun raba kowa da kayansa ba. Aiki ne da ba ya bukatar kuɗi mai yawa, amma yana bukatar hanzari, domin dattawan da suka san sunayen kuɗin nan da abin da kowanne ke saye suna ƙarewa, sulen da ya shiga wutar maƙeri kuwa ba ya sake fitowa da shekararsa.